Tikiti da Ganin Wata: Tarihin Fitar Iyali a Birnin Kudu da Gwaram

A ƙasashen Turawa, magidancin da zai kai iyalinsa wurin wasannin yara yakan fara da duba kalanda da farashi. Disneyland, wadda aka buɗe a Kalifoniya ta Amurka a 1955, ta raba kuɗin tikitin yini ɗaya gida uku a 2016: na ranakun da ba kowa, na tsaka-tsaki, da na lokacin cunkoso. A 2018 takwararta ta Fulorida ta ɗaure farashi da ranar da mutum ya zaɓa. Ke nan a can dabara ita ce a saya da wuri, a kuma kauce wa taro. Magidancin Birnin Kudu ko Gwaram kuwa akasin haka yake yi. Ranar da ta fi kowace rana cunkoso yake fita, a bakin ƙofa yake sayen tikiti, bayan ya sha layi da rana. Mai kallo daga nesa zai ce rashin tsari ne. A ganina akwai tsari, kuma ya girmi tikitin nesa ba kusa ba.

Kafin a san kuɗin shiga, lokaci ne yake buɗe ƙofar nishaɗi a wannan yanki, shi yake rufe ta. Duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, wato Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, suna ɗauke da tsofaffin zane-zanen shanu, akwai kuma duwatsu masu amo waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙararrawa. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya gabatar da bayaninsu a taron masana a 1955, daga baya gwamnati ta sa su cikin kayan tarihi na ƙasa. Abin lura a bayanan da aka tattara shi ne an danganta zuwa wurin da hidimar aure, aure kuwa a ƙasar manoma yakan jira kaka. Haka dambe da kokawa da kalankuwa: sai an girbe gero, an cire gyaɗa, an kai dawa rumbu, sannan makaɗa su ɗaure ganga. Namun daji ma ba zuwa ake yi a gan su ba, su suke zuwa. Gardawa ne ke shigowa kasuwa da kura an sa mata takunkumi, da biri a igiya, da maciji a kwando, yara su yi da'ira suna ja da baya duk sa'ad da kurar ta yunƙura. Ba wanda ake tsayarwa a ce ya biya kafin ya kalla. Wanda wasa ya burge shi ya yi kari, wanda yake son laya ko maganin ƙarfe ya saya, marar ko kwabo ya kalla ya tafi gida.

Babban kallo na shekara shi ne hawan Salla, wanda tarihin Kano ke mayar da asalinsa ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Hakimai kan haɗa dawakai da 'yan rakiya su tafi gaban Sarki, kuma har yau, tun bayan da aka yanke Jigawa daga Kano a 1991, mutanen kudancin jihar, har da na Birnin Kudu da Gwaram, Dutse suke dosa domin hawan Salla da hawan Bariki. Shi ma wannan kallo kyauta ne. Abin da ake biya shi ne isa wurin, da suturar da za a isa da ita.

Tikitin fitar iyali ya shigo ne da gwamnati. Audu Baƙo, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna cikinta, shi ya gina Gidan Zu na Kano a farkon shekarun 1970, ya gina otal ɗin Bagauda da madatsar ruwa ta Tiga. A Gidan Zu aka kewaye abin kallo da katanga, aka ajiye mutum a taga da damin takardu. Wurin a buɗe yake duk shekara, don haka a ƙa'ida iyali na iya zuwa ranar da suka ga dama. Amma jama'a ba su bar tsohuwar kalandarsu ba, sai suka jawo sabon wurin cikin yawon Salla. Shaidar da ta fi fitowa fili ta zo ta hanya mai ban dariya: a watan Yunin 2019 aka wayi gari da labarin ɓatan kusan naira miliyan 6.8 a Gidan Zu, har aka yi ta yaɗa cewa goggon biri ne ya haɗiye su, hukumomi suka ce ai ba su ma da goggon biri. Kuɗin nan na shiga ne, kuma na 'yan kwanakin Ƙaramar Salla ne kawai.

Mai suka zai ce wannan duk al'ada ce da aka ƙi saki, kuma mai hankali zai kai 'ya'yansa ranar Talatar da ba kowa, su ga zaki a natse, su hau lilo ba turereniya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, musamman ga wanda ya taɓa ganin uwa tana cigiyar ɗanta a cikin taron Salla. Sai dai ta manta da lissafin aljihu. Ga iyalin da za su taso daga Gwaram, su bi ta Birnin Kudu da Wudil su shiga Kano, tafiyar fiye da kilomita 100, tikiti shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a kashe. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da abinci, da tsarabar 'yan'uwan da za a sauka wurinsu, su ne nauyin. Da Salla ne kaɗai waɗannan abubuwa suke haɗuwa da kansu: an riga an yi ɗinki, makaranta da ofis suna hutu, ziyarar dangi dole ce ko da Gidan Zu ko babu, yara kuma suna da goron Salla a aljihu, sau da yawa da shi suke biyan kuɗin shiga. A raba fitar da Salla, sai a biya kuɗin mota sau biyu. Ban da haka, yarinyar da aka yi wa lalle da kitso ba zaki kaɗai ta je gani ba, ta je ne a gan ta, wannan kuwa ba ya samuwa ranar Talata.

Wani kuma zai ce to, a bar ranar yadda take, amma a riƙa sayar da tikiti tun da wuri ta waya, yanzu da kowane lungu akwai mai POS. Wannan zai rage layi, kuma ya dace da Babbar Salla, wadda ake sanin ranarta kwana goma kafin ta zo. Ƙaramar Salla dai ba a tabbatar da ita sai daren da Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata ko cikar azumi talatin, saboda haka tikitin da aka buga wa rana ɗaya tak ba zai zauna daidai ba, sai dai mai wa'adin kwanaki. Kuma matsalar ta wuce ta kwana ɗaya. Shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, don haka Salla tana zagaya damina da kaka da rani cikin shekara 33 ko kusa da haka. Daga 2003 zuwa 2005 Ƙaramar Salla ta faɗo a Nuwamba, amfani yana gida, manomi ya kai buhu kasuwar Sara ya dawo da kuɗi. A 2012 da 2013 kuwa a Agusta ta zo, tsakiyar marka, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi taki da ƙwadago. Magidanci ɗaya ne, Salla ɗaya ce, amma abin da zai iya alkawarta wa yara wata guda kafin ranar ya bambanta ƙwarai. Wanda bai san abin da zai rage masa bayan zakkar kono da tela ba, ba zai ɗaure kuɗinsa a takardar da ba a mayarwa ba.

Abin da magidancin yake saya da wuri daban ne. Yadi yakan shiga hannun tela tun kafin azumi ya raba tsakiya, domin wanda ya makara zai kwana a shago ranar jajibiri. Ragon layya ana kiwonsa watanni, mata kuma sukan daidaita kwasar adashi da zuwan Salla. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ƙara rinjaye a lissafin, ta yadda tafiyar Kano da yara biyar ko shida ta zama shawarar da ake yankewa a daren Salla, bayan an ji abin da direbobi suke faɗa a tasha. In ya yi yawa, a tsaya a hawan Dutse, ko a hawan Hakimi a gida.