Abincin «bio» a Yamai: ma'anarsa, inda yake fitowa da abin da ke sa shi tsada

«Bio» kalma ce ta Faransanci da ta shiga bakin mazauna Yamai. Ana nufin cimakar da aka noma ba tare da takin zamani ba, ba a yi mata feshin maganin ƙwari na masana'anta ba, kuma ba a zuba mata guba a wurin ajiya ba. A Turai da Amurka akwai jerin kantuna masu rassa da yawa da suka ƙware a wannan ciniki. A babban birnin Nijar kuwa, wanda ƙidayar 2012 ta nuna yana da mutane sama da miliyan ɗaya, cinikin yana hannun masu garake, ƙungiyoyin mata masu sarrafa albarkatun noma, da ƙananan shaguna. Kayan suna nan da yawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne shaidar da za ta tabbatar wa mai saye cewa abin da aka ce masa gaskiya ne.

Na gida daban, na bio daban

Mutane da dama suna ɗaukar duk abin da aka noma a ƙasa a matsayin bio. Ba haka ba ne. Tumatir na iya fitowa daga garkar da ke bakin kogin Isa, amma an yi masa feshi kwana biyu kafin a tsinke shi. A ɗaya gefen, geron da manomi ya noma a tudu da takin dabbobi kaɗai bio ne a aikace, ko da babu wata takarda a kansa. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin amfani da takin zamani a duniya, don haka yawancin gero da dawar damina suna kusa da wannan ma'auni. Haka ma ƴaƴan itatuwan daji: magarya, aduwa, goruba, kanya, tsamiya da garin kuka.

A ƙa'idar Tarayyar Turai, gona ba ta samun shaidar bio sai ta yi shekara 2 ba tare da sinadari ba idan shukar shekara-shekara ce, ko shekara 3 idan itatuwa ne, sannan wani kamfani mai zaman kansa ya zo ya duba. Ƙungiyar duniya ta masu irin wannan noma, IFOAM, an kafa ta a Faransa a 1972, kuma tambarin AB da ake gani a kan wasu kayan gwangwani ya fito a can a 1985.

Inda cimakar Yamai take fitowa

Salati, kabeji, karas, tumatir da yalo suna fitowa daga garaken da ke cikin birni da kewayensa: Gamkalle, Saga, Kirkisoy, Gudel, Yantala da kwarin Gunti Yena. Zogale, wanda ake yin kwaɗonsa da dambu a kusan kowace unguwa, ana noma shi sosai a Sarando da ƙauyukan bakin kogi. Daga nesa kuma, albasa tana zuwa daga Galmi a jihar Tawa, dankalin turawa daga Bonkuku da tsaunukan Ayar, lemu daga Timiya, jan tattasai daga Difa, aya daga jihar Maraɗi, rake daga jihar Doso.

Yawancin waɗannan kaya suna sauka a kasuwanni kamar Katako, Wadata, Jemaje da Harobanda. Tun bayan gobarar da ta cinye Ƙaramar Kasuwa a 2012, masu sayar da kayan miya sun watsu a wurare da dama. A kasuwa ana haɗa kayan manoma da yawa a tuli ɗaya, ta yadda ko mai sayarwa ba zai iya cewa ga garkar da wannan kabeji ya fito ba. Manyan kantuna irin su Marina Market da Haddad Khalil kuwa sun fi dogara ga kayan da ake shigowa da su daga waje.

Matsalar maganin ƙwari

Abin da ya sa batun bio ya wuce kwalliya shi ne yadda ake amfani da maganin ƙwari a noman rani. Ƙasashen ƙungiyar CILSS suna da kwamiti guda mai suna CSP da ke tantance magungunan da aka yarda a sayar. Sai dai binciken da RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, ta sha yi a kasuwanni ya nuna cewa mafi yawan magungunan da ake sayarwa ba su da wannan izini. Da yawa suna shigowa ta iyakar Najeriya, da rubutun Turanci wanda manomi ba ya karantawa, ana kuma sayar da su a ƙananan kwalabe marasa suna.

Kowane magani yana da adadin kwanakin da ya kamata a jira tsakanin feshi da tsinka. Manomin da tsutsa ta faɗa wa kabeji, ko wanda ƙwaron Tuta absoluta ya shiga tumatirinsa, yana iya ƙara yawan maganin ya kuma kai kayan kasuwa kafin kwanakin su cika, don bashin iri da na man famfo yana jiransa. A wurin ajiya ma akwai haɗari: wasu na zuba maganin da ake kira piya-piya a cikin wake don kashe ƙwari. Saboda ragowar irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Sai kuma batun ruwa, domin a wasu sassan Gunti Yena ruwan lambatun gari yana gauraya da wanda ake ban ruwa da shi.

Dabarun da ke maye gurbin guba

Manoman da suka bar sinadari suna amfani da abin da ke kusa da su. Ana daka ƴaƴan dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, a jiƙa su a ruwa, a haɗa da barkono ko tafarnuwa da ɗan sabulu, a tace a yi feshi. Ana haɗa takin gargajiya daga kashin dabbobi, toka da ragowar ganye. Don ajiyar wake akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta inganta tare da masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi: idan aka ɗaure shi da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da magani ba. INRAN ta kuma yi aikin sakin wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai suna Habrobracon hebetor a gonaki, wanda ke kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero.

Masu ruwa da tsaki

Tarayyar ƙungiyoyin masu noman garka ta FCMN-Niya, wadda aka kafa a 1996, tana haɗa manoman kayan lambu daga jihohin ƙasar. Dandalin Raya Karkara yana haɗa ƙungiyoyin da ke yaɗa noma mai kare ƙasa da muhalli. Ƙungiyar AcSSA Afrique Verte tana tallafa wa mata masu sarrafa gero, dawa da shinkafa zuwa gari, dege da kuskus da ake sayarwa a leda. A Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods, wanda aka kafa a 2014, yana sayen ƴaƴan itatuwan daji daga matan karkara, yana fitar da man aduwa, yana kuma cire ɗacin hanza, abincin da a da sai lokacin yunwa ake tunawa da shi.

Wurin da mazauna Yamai suka fi haɗuwa da waɗannan kaya a lokaci guda shi ne baje kolin SAHEL-Niger, wanda aka fara a 2014. Tun 2020 kuma ƙasashen UEMOA suka ware watan Oktoba don ƙarfafa cin abin da aka noma a gida.

Dalilin tsada

Noman bio yana cin aiki. Ciyawa da hannu ake cire ta, feshin dogon yaro sai an maimaita shi akai-akai, kuma a shekarun farko amfanin na iya raguwa. Takardar shaida daga kamfanonin waje irin su Ecocert tana da kuɗin da ƙaramin mai garka ba zai iya biya ba, shi ya sa aka fi neman ta don kayan da za a fitar waje. Ga kuma asara: ganye ba ya jure zafin watan Afrilu da Mayu, wurin sanyaya kaya kuma yana buƙatar wutar da ba ta tsayawa.

A ɗaya ɓangaren akwai aljihun mai saye. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar jika 42 ne a wata tun farkon 2024. Takunkumin da CEDEAO ta saka bayan 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin sun ɗaga farashin kayan da ke shigowa ta tashar Kwatano. Uwar gidan da ke riƙe da kuɗin cefanen yini za ta fara duba girman kashin tumatir kafin ta tambayi yadda aka noma shi.

Ko a ƙasashe masu arziki wannan ƙorafi yana nan. Whole Foods, wanda ya fara da kanti ɗaya a birnin Austin a 1980, kuma Amazon ya saye shi a 2017 a kan dala biliyan 13.7, ya daɗe yana shan suka kan tsada. Biocoop na Faransa, wanda aka kafa a 1986, ya tashi ne daga ƙungiyoyin masu saye da suka haɗa kai don su sayi kaya kai tsaye daga manoma.

Shaida mai rahusa

Hanyar da ta fi dacewa da ƙananan manoma ita ce wadda ake kira SPG a taƙaice. A wannan tsari, manoma, masu saye da malaman gona ne ke kafa kwamiti, su riƙa ziyartar garakensu bi da bi, su duba taki, ruwa da abin da ake fesawa, sannan su ba da tambari ko su ƙwace shi. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma an yi shi don kasuwar cikin gida. A maƙwabciya Burkina Faso, majalisar CNABio tana ba da tambarin BioSPG ta wannan hanya. Idan aka haɗa shi da saye kai tsaye daga garka, kuɗin dillalai yana fita daga farashi.

Abin da mai saye zai lura da shi

Kyan ido ba shaida ba ne. Ganyen da ke da ƴan huji na iya fin wanda ke sheƙi tsabta. Wake ko busasshen kifin da ke warin magani, ko wanda ƙuda ba ya kusantarsa a tsakiyar kasuwa, abin tuhuma ne. Wankewa da ruwa mai tsabta yana cire ƙasa, ƙwayoyin cuta da wani ɓangare na maganin da ke kan fata, amma ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga cikin tsiron. Kayan lambu sun fi araha a lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da garake ke cika. Mai iko kuma zai fi samun kwanciyar hankali idan ya riƙe mai garka ɗaya da ya sani, ya je ya ga rijiyarsa da kwalaben da ke ajiye a bukkarsa.