BABI NA UKU: TARIHIN BAMBANCIN GUDUN WASAN GEM A NA'URORIN DA SUKA SHIGO BIRNIN ZARIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan wasannin gargajiya na yaran birnin Zariya, irin su langa da dara, da yadda wasan gem ya zo ya sami gurbi a tsakaninsu. A wannan babi kuwa za a dubi wata matsala da duk wanda ya yi zaman gidan gem a shekarun 1990 zai iya tunawa da ita, wato a ga wasa iri ɗaya yana gudu a wata na'ura, a wata kuma yana tafiyar hawainiya. Bayanin da ya fi saurin zuwa baki shi ne wuta ce ba ta da ƙarfi, ko kuma na'urar ce ta tsufa. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa asalin abin ya girmi gem ɗin kansa, domin yana komawa ne ga tsarin lantarki da na talabijin da Nijeriya ta gada.

3.1 Tsarin Lantarki da na Talabijin

Wutar lantarkin da ake rabawa a gidaje tana kaiwa da komowa ne a cikin waya. A Ingila da sauran ƙasashen Turai tana yin haka sau 50 a kowane sakan, a Amurka kuwa sau 60. Da yake Turawan Ingila ne suka kawo lantarki Nijeriya, tsarinsu na 50 aka bi, kuma a kansa hukumar NEPA ta ci gaba bayan kafa ta a 1972.

Masu ƙera talabijin na farko sun ɗaura yawan sauyawar hoto a kan wannan adadi. Saboda haka tsarin Amurka, mai suna NTSC, wanda aka amince da mai launinsa a 1953, yana sabunta hoto kimanin sau 60 a sakan da layuka 525. Japan ma shi ta bi. Tsarin PAL kuwa, wanda Walter Bruch ya ƙirƙiro a kamfanin Telefunken na Jamus aka kuma fara watsa shiri da shi a 1967, yana sabunta hoto sau 50 da layuka 625. Talabijin ta fara aiki a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, kuma da aka fara shirye-shirye masu launi a Jos a tsakiyar shekarun 1970, PAL aka ɗauka. Ke nan akwatin talabijin da magidanci ya saya don kallon labaran NTA Kaduna a Kwarbai ko Babban Dodo, na tsarin 50 ne, tun kafin ɗansa ya san akwai wani abu wai shi gem.

3.2 Hanyar Shigowar Na'urorin

Bayan ɓullo da shirin SAP a 1986 darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya gagari talaka, kasuwar gwanjo ta buɗe. Kayan lantarki kan sauka a Legas ko Kwatano, su bi ta kasuwanni irin su Alaba, sannan su hauro Arewa. A Zariya, Sabon Gari ce matattarar irin wannan haja tun zamanin da jirgin ƙasa ya kafa ta, daga can kuma kaya kan bi ta Tudun Wada su shiga birni ta Ƙofar Doka. Ɗan gwanjo ba ruwansa da ƙasar da aka ƙera na'ura dominta. Ta Landan da ta Amurka da ta Japan duk a tebur ɗaya ake baje su, mai saye kuma abin da yake dubawa shi ne ko tana kamawa.

3.3 Kwatanta Gudun Na'urorin Kaset

A na'urorin wancan zamani, hoto shi ne agogon wasa. Duk lokacin da talabijin ta zana sabon hoto, na'ura kan matsar da ɗan wasa taki ɗaya, ta kuma matsar da kiɗa. Idan an tsara wasa a Japan a kan taki 60 a sakan, aka kai shi Turai ba tare da gyara ba, to taki 50 zai riƙa yi. An rasa kashi ɗaya cikin shida ke nan, wato kusan kashi 17 cikin ɗari. Matakin da ake gamawa cikin minti 5 a can, sai ya ci minti 6 a nan.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Sonic the Hedgehog na kamfanin Sega, wanda ya fito a 1991. Na'urarsa ta fito a Japan a 1988 da sunan Mega Drive, ta shiga Amurka a 1989 da sunan Genesis, sannan Turai a 1990. Ƙwaƙwalwar ta Amurka tana bugawa sau miliyan 7.67 a sakan, ta Turai kuma miliyan 7.60. Wannan bambanci bai ma kai kashi 1 cikin ɗari ba, amma duk da haka Sonic na Turai ya fi na Amurka nauyin jiki da kashi 17, har kiɗansa yana ja. Abin lura a nan shi ne kaset ɗin ɗaya ne; na'urar da aka cusa shi ita ke yanke hukunci. Haka kuma, tun da layukan PAL sun fi yawa, hoton kan matse, a ga baki a sama da ƙasa. Abin dariyar shi ne da sunan gudu aka tallata wannan wasa.

Na'urar da ta fi araha kuwa ita ce kwaikwayon Famicom, wadda Nintendo ya fitar a 1983, masana'antun Taiwan da Sin kuma suka yi ta buga irinta da kaset mai ɗauke da wasanni barkatai. Waɗanda aka yi wa kasuwannin PAL suna fitar da hoto 50, alhali wasannin da ke cikin kaset ɗin kwafin na Japan ne masu neman 60. Don haka yaron da ya koyi Super Mario Bros a irin wannan na'ura ya koye shi ne a sanyaye, ba tare da ya sani ba. Ranar da ya gamu da ta asali sai ya ga hannunsa ya ƙi, yana ta faɗawa rami a inda ya saba tsallakewa.

Na'urar hannu ta Game Boy, ta 1989, ta ƙara tabbatar da wannan bayani. Da allonta take tafe, ba ta buƙatar talabijin, don haka gudunta ɗaya ne a Tokiyo da Zariya.

3.4 Zamanin PlayStation

PlayStation ta fito a Japan a Disambar 1994, ta isa Turai da Amurka a 1995. Da zuwanta sai lissafi ya juya, domin yanzu faifai ne ke gaya wa na'ura tsarin da za ta bi. Kamfanin Sony ya kulle kowace na'ura ga faifan yankinta, masu gyara kuma suka riƙa dasa ɗan guntun da ke buɗe wannan kulle. Idan aka sa faifan Japan, kamar wasan ƙwallon Winning Eleven na Konami, a na'urar Turai da aka buɗe, wasan kan yi gudunsa na 60, amma sau da yawa hoton kan fito fari da baƙi, tsohuwar talabijin ma sai hoton ya riƙa birgima. Mai gidan gem yana da zaɓi biyu ke nan: launi da nauyin jiki, ko gudu ba launi, sai fa in ya sami talabijin mai karɓar kowane tsari.

Batun ya shafi aljihu. A inda ake biya a kan kowane wasa, idan karawa ɗaya tana cin minti 10 a tsarin 60, za ta ci minti 12 a tsarin 50 muddin ba a gyara agogon wasan ba. A awa guda mai gida zai karɓi kuɗin wasa 5 maimakon 6, ga kuma man janareta yana ƙonewa. Sannan a wasannin faɗa irin su Tekken 3, wanda na Turai ya yi suna wajen rashin sauri, wanda ya saba da faifai ɗaya yana da hujjar ƙorafi in an kayar da shi a ɗayan.

3.5 Zargin da Ake wa Wuta

Duk da cewa daga lantarki aka gaji adadin 50 da 60, na'urar gem ba ta ƙirga gudunta daga wutar soket. Akwai ɗan ƙaramin dutse a cikinta mai kaɗawa da adadi tsayayye, shi ne agogonta. Idan wuta ta yi ƙasa, ko janareta ya yi tari, abin da zai faru shi ne hoto ya tsuke ko na'ura ta mutu ta sake tashi, amma ba za ta rage gudu ba. Illar wuta ta gaskiya a wani wuri take. Nijeriya tana amfani da bolt 230, Amurka 120, Japan 100, kuma duk wanda ya jona na'urar Japan kai-tsaye ba tare da ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta ba, hayaƙi zai gani.

3.6 Gushewar Bambancin

Na'urar Dreamcast ta Sega, da ta shiga Turai a 1999, ta ba mai wasa damar zaɓar 60 a wasanni da yawa, wasu faya-fayan PlayStation 2 ma suka bi sahu. Da PlayStation 3 ta zo a 2006 tare da talabijin mai faɗin allo da wayar HDMI, sai wasa ya zama gudu ɗaya a ko'ina. Amma tsohuwar matsalar ta sake leƙowa a Disambar 2018, lokacin da Sony ya fitar da ƙaramar PlayStation Classic mai wasanni 20. Tara daga cikinsu, har da Tekken 3, kwafin Turai ne masu hoto 50, kuma haka aka sayar da su har a Amurka, inda masu saye suka yi ta kukan cewa wasannin ƙuruciyarsu sun yi nauyi.