Famfon feshi ga shukokin cikin gida: yadda ake zaɓensa da yadda ake aiki da shi

A biranen Najeriya kamar Abuja, Legas, Fatakwal da Jos, mutane da dama na renon shuke-shuke a ƙarƙashin rufi, daga furannin ado a falo da ofis zuwa tumatir da tattasai a gidajen shuka masu rufin leda ko raga. A irin wannan wuri ruwan sama ba ya wanke ganye, iska kuma ba ta kwashe tururin magani. Saboda haka ƙwari kan hayayyafa da sauri, kuma feshin da aka yi da ganganci kan koma huhun mutanen gida. Zaɓen famfon da ya dace da sanin yadda ake riƙe shi su ne ke raba feshi mai amfani da mai cutarwa.

Ire-iren famfon feshi

Na farko shi ne ƙaramar kwalbar feshi mai kunama, wadda ke ɗaukar rabin lita zuwa lita ɗaya. Ta wadatar ga tukwane kaɗan, amma ƙarfin fitar ruwanta ba ya daidaita, hannu kuma kan gaji da wuri.

Na biyu shi ne famfon da ake bugawa iska kafin a fara aiki. Ƙananansa na ɗaukar lita ɗaya zuwa biyu, manyansa da ake ratayawa a kafaɗa kuma lita 5 zuwa 8. Shi ya fi dacewa da baranda ko ɗakin da ke da tukwane masu yawa. Aibinsa shi ne ƙarfin iskar na raguwa yayin da ruwa ke fita, don haka sai an riƙa tsayawa ana ƙara bugu.

Na uku shi ne famfon goyo, mai ɗaukar lita 15 zuwa 20, wanda manoma suka saba da shi. Akwai mai hannun bugawa, akwai mai batir da ke riƙe ƙarfi ɗaya har ruwa ya ƙare. Wurinsa gidan shuka ne. Injin hayaƙi ko na hazo kuwa aikin ƙwararru ne, bai dace da gidan da mutane ke kwana ba.

Abin dubawa kafin saye

Bakin feshi ya fi girman tanki muhimmanci. Farin ƙuda, jan gizo-gizon ganye da ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan shuka suna haddasa darɓa duk a ƙarƙashin ganye suke ɓuya. Ana bukatar sanda mai lanƙwasasshen kai da za a iya juyawa sama, da bakin da ke fitar da ruwa a zagaye kamar mazurari, domin ɗigonsa ƙanana ne kuma yana ratsa ganye. Bakin da ke fitar da ruwa a shimfiɗe kamar mafici an fi amfani da shi wajen maganin ciyawa.

Ya kamata tankin ya kasance da ma'aunin lita a jikinsa, da faffaɗan baki mai rariya, da wurin sakin iska kafin a buɗe murfi. A tabbatar ana samun robobinsa da bakinsa a kasuwa, domin su ne ke fara lalacewa. Magunguna masu mai suna cinye roba maras inganci, shi ya sa ake fifita robar Viton.

Awo da haɗi

Takardar da ke jikin kwalba ita ce madogara. Idan ta ce mililita 5 a kowace lita, famfo mai lita biyu zai ci mililita 10, mai lita 16 kuma mililita 80. A auna da sirinji ko ƙoƙon awo da aka keɓe, ban da cokalin kicin. Ƙara yawan magani ba ya ƙara kashe ƙwari, sai dai ya ƙone ganye.

Kafin a haɗa magani, a fesa zallan ruwa a kan tukwanen don a ga lita nawa suka ci. Da wannan ake sanin adadin da za a haɗa ba tare da saura ba, domin haɗin da ya kwana ƙarfinsa na raguwa. A zuba ruwa rabin tanki, a sa magani, a cike, sannan a girgiza. Ruwa mai laka na toshe baki, ruwa mai kanwa kuma na rage ƙarfin wasu magungunan.

Yadda ake feshin

A yi feshi da sassafe ko da yamma, a kan shukar da ba ta jin ƙishi. A fara gwadawa a ganye biyu ko uku, a jira kwana biyu a ga ko za su ƙone. A jiƙa saman ganye da ƙasansa, a tsaya da zarar ruwan ya fara ɗiga. Yawancin magunguna ba sa kashe ƙwai, don haka akan maimaita bayan kwana 5 zuwa 7. A lokacin hunturu, busasshiyar iska na ƙara yawan jan gizo-gizo, kuma wanke ƙasan ganye da ruwa kawai na rage shi sosai.

A cikin gida an fi son a fara da magani mai sauƙi, kamar man dogon yaro da aka gauraya da ɗan sabulun ruwa don ya haɗu da ruwa. A gidan shuka kuwa, a riƙa sauya rukunin magani. Tsutsar Tuta absoluta, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a 2016, ta shahara da saurin bijire wa maganin da aka dage a kansa. A kuma kiyaye adadin kwanakin da takarda ta ƙayyade tsakanin feshi da tsinkar amfani.

Ciyarwa ta ganye

Ana iya amfani da famfon wajen fesa takin ruwa. Yana gyara ƙarancin sinadarai da sauri, musamman na ƙarfe, wanda alamarsa ita ce sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore. Sai dai ƙari ne kawai, domin saiwa ce babbar hanyar abincin shuka. Shukar cikin gida ba ta samun hasken rana sosai, bukatarta ta taki kaɗan ce, kuma haɗi mai kauri na ƙona gefen ganye.

Kariyar lafiya

A sayi maganin da ke da lambar rajistar hukumar NAFDAC kawai. Launin zanen da ke ƙasan takardar na nuna haɗari: ja ya fi tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A 2019 hukumar ta taƙaita sayar da Sniper da sauran magunguna masu sinadarin diklobos a ƙananan kwalabe. Irin wannan magani bai dace da ɗakin da ake zaune ba.

Tukunyar da za a iya ɗauka, a fitar da ita inuwa a yi feshin a waje. Idan ba ta ɗaukuwa, a buɗe tagogi, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a fitar da yara da dabbobi, a rufe abinci da ruwan sha. Mai feshi ya sa safar hannu ta roba, tabarau, takunkumi da riga mai dogon hannu. Idan baki ya toshe, a wanke shi da ruwa da burushi mai laushi. Kada a hura da baki, kada a zura masa allura.

Wanda ya ji jiri, amai, yawan yawu ko wahalar numfashi bayan feshi, a cire masa tufafi, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin. Madara ko manja ba makari ba ne.

Bayan aiki, a ɗauraye tanki sau uku, a fesa ruwa mai tsabta ta sandar, a saki iska, a ajiye shi a inuwa nesa da yara. Famfon da ya taɓa ɗaukar maganin ciyawa, musamman 2,4-D, a yi masa alama a keɓe shi, domin ɗan guntun da ya maƙale a robarsa ya isa ya murɗe ganyen tumatir na gidan shuka gaba ɗaya.