'Yancin faɗar albarkacin baki a Musulunci

'Yancin faɗar albarkacin baki a Musulunci batu ne da malamai da masana shari'a ke muhawara a kai, musamman kan inda haƙƙin magana yake tsayawa. Fiƙihu ya ɗauki nasiha ga shugabanni, da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, a matsayin aikin addini. Amma ya haramta ƙazafi da giba da ɓatanci ga Allah da Manzonsa (SAW). Sanarwar Alƙahira ta 1990 ta bi wannan tsari a sashe na 22, inda ta yarda da 'yancin bayyana ra'ayi muddin bai saɓa wa shari'a ba.

A ƙasar Hausa

Tun kafin jihadi aka fara takaddama kan izinin magana. A taron Idi na Magami, wajen 1788, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, ya nemi abubuwa biyar a madadinta. Na farko shi ne a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kuma kada a hana kowa amsa kiransa. Daga baya Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu.

Dokokin yau

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba da 'yancin magana, sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita shi. Bayan jihohi irin su Kano da Jigawa sun ƙaddamar da shari'a a 2000, batun ɓatanci ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce.

A watan Agustan 2020 wata babbar kotun shari'ar Musulunci a Kano ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa saboda wata waƙa da ya yaɗa ta WhatsApp. Babbar Kotun Jihar ta soke hukuncin a Janairun 2021, domin an yi masa shari'a ba tare da lauya ba, ta ce a sake shari'ar. Maganar ta kai Kotun Ƙoli.

A watan Afrilun 2025 Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashe na 382(b) na dokar shari'ar Kano ya saɓa wa Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam. Gwamnatin Kano ta ce ba za ta janye dokar ba.