Phil Hellmuth

Phil Hellmuth ƙwararren ɗan wasan karta ne na foka, ɗan ƙasar Amurka. An haife shi a birnin Madison na jihar Wisconsin a 1964. Yana da shekara 24 ya lashe babbar gasar World Series of Poker ta 1989 a Las Vegas, inda ya doke Johnny Chan a zagayen ƙarshe. Munduwar zinare ake ba wanda ya lashe ɗaya daga cikin wasannin World Series of Poker, kuma wadda ya ci a 2023 ita ce tasa ta 17, adadin da babu wanda ya kai.

Amma halinsa a bakin tebur ya fi nasarorinsa jan hankalin 'yan jarida. In ya sha kaye sai ya miƙe yana mita, yana zagin abokin karawarsa cewa bai iya wasa ba, sa'a ce kawai. Tun da tashoshin talabijin irin su ESPN suka fara nuna wa masu kallo kartar da ɗan wasa ya ɓoye, wannan ɓacin rai ya zama abin da kyamara ke farauta. Shi ma ya san kasuwarsa: a 2009 ya shigo zauren gasa cikin shigar Juliyas Kaisar. Wasu abokan sana'arsa na ƙorafin cewa alƙalan gasa na ɗaga masa ƙafa.