Kafafen Watsa Labarai na Hausa da Jama'ar da Suke Yi wa Magana: Waiwaye a Kan Tarihi

Gabatarwa

Sau da yawa manazarta kan ambaci "Hausar kafafen watsa labarai" tamkar wani nau'i guda ne mai siga ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba haka abin yake ba. Kowace kafa da ta ɓulla tun daga 1939 ta zaɓi mutanen da za ta yi wa magana, wannan zaɓi kuwa shi ya yanke mata irin rubutun da za ta yi amfani da shi, da irin Hausar da za ta fito daga bakinta.

Zamanin Jarida

An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, bisa jagorancin Dokta Rupert East, Malam Abubakar Imam kuma shi ne edita. Ta zo ne shekara 80 bayan Iwe Irohin, wadda Henry Townsend ya kafa da Yarabanci a Abeokuta cikin 1859. Wancan aikin mishan ne, wannan kuwa na hukuma. Turawan mulki suna cikin damuwa game da jita-jitar da ake bazawa gab da Yaƙin Duniya na Biyu, ga kuma jaridun Legas irin su West African Pilot da suka fara shigowa hannun ma'aikata. Saboda haka waɗanda aka nufa da farko su ne masu ilmin boko: malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e, jama'a 'yan kaɗan amma masu faɗa a ji.

Sai dai jaridar ta wuce inda aka auna ta. Mutum ɗaya kan saya da kwabonsa, ya karanta wa waɗanda ke zaune da shi a zaure ko a bakin kasuwa. Imam ya san da haka, shi ya sa rubutunsa ya fi dacewa da kunne, cike da karin magana da salon mai ba da labari. Ta wannan hanya ne daidaitacciyar Hausa, wadda aka ɗora bisa karin Kano, ta shiga Sakkwato da Katsina da Bauci, tun kafin a kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955.

Akwai kuma waɗanda boko bai kai gare su ba, alhali ba jahilai ba ne. Dubban malamai da almajirai sun iya ajami, don haka aka riƙa saka musu 'yar takarda cikin jaridar mai suna 'Yar Gaskiya. Wannan buƙata ba ta gushe ba, domin bayan da gwamnatin Jihar Kano ta kafa kamfanin Triumph a 1980, sai ya fito da jaridu biyu na Hausa, Albishir da boko, Alfijir da ajami. Gari ɗaya, harshe ɗaya, amma masu karatu iri biyu.

A shekarun 1950 hukumar NORLA ta gwada wata dabara, ta ba larduna jaridunsu, kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, domin waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci su sami abin karantawa game da garuruwansu. Ba su yi tsawon rai ba. A shekarun 1980 kuma kamfanin Concord na Cif M.K.O. Abiola ya buga Amana da Hausa, tare da Isokan ta Yarabanci da Udoka ta Ibo, abin da ke nuna cewa har daga Legas an fahimci Bahaushe mai karatu kasuwa ne, kuma ƙuri'a ne.

Zamanin Rediyo

Rediyo ne ya rushe katangar da ke tsakanin mai karatu da wanda ba ya yi. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tashar Kaduna a 1962, daidai lokacin da ƙaramin akwati mai batir ya fara araha. Manomi ya rataya shi a gona, makiyayi ya saɓa shi a kafaɗa, matar kulle ta ajiye shi kusa da murhu. Wannan ta ƙarshen ta cancanci a tsaya a kanta, domin jarida ba ta taɓa shiga cikin gida yadda rediyo ya shiga ba. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka da Jakar Magori sun tara mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi kuwa ya ɗauko Hausar bariki, wadda editan jarida zai soke da jan biro, ya mai da ita abin sauraron kowa, har da waɗanda Hausa ba harshensu na gado ba ne.

Tashoshin ƙetare nasu lissafin daban ne. BBC ta buɗe sashen Hausa a watan Maris na 1957, Muryar Jamus da Rediyon Sin suka biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Kowace tana da manufar ƙasarta, musamman a zamanin yaƙin cacar baka, amma matsalarsu ta harshe iri ɗaya ce. Mai sauraro yana Kano, yana Maradi, yana zangon Kumasi, yana Sudan. Kalmar aro daga Ingilishi ba lalle mutumin Damagaram ya gane ta ba, kamar yadda Bakano zai yi tuntuɓe da "lakwal" ko "mushe" da aka aro daga Faransanci. Dole ta sa masu fassara suka karkata ga ƙirƙira daga cikin gida, kuma irin wannan hali ne ya tabbatar da kalmomi kamar Majalisar Ɗinkin Duniya a bakin jama'a. Ga kuma ƙurewar lokaci: mai fassarar labarai ba shi da damar jiran kwamiti ya zauna, abin da ya faɗa da asuba shi za a maimaita a teburin mai shayi da hantsi. Ba kowace fassara tasu ce ta yi kyau ba, wasu jimlolin ƙashinsu na Ingilishi ne, fatar kawai ce ta Hausa.

Bayan Dokar 1992

Doka mai lamba 38 ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar mallakar tashoshi. Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, jaridar Aminiya ta fito a 2006, tashar talabijin ta Arewa24 kuma a 2014. Tashar FM gajeren zango gare ta, ba ruwanta da mutumin Kumasi, saboda haka ta koma ga zancen unguwa da karin garinta. Shirye-shirye irin su Kowane Gauta sun miƙa makirufo ga 'yan siyasa da sojojin baka, wayar hannu kuma ta ba mai sauraro damar kutsawa cikin shiri da bakinsa. Hausar da ake ji a nan, da saranta da habaicinta da Ingausarta, ba ta bi ta hannun edita ko mai fassara ba, kuma mafi yawanta ba a rubuta ta a ko'ina ba.