Wuta ko Jan Biro: Waiwaye Kan Muhawarar Littattafan Soyayya

A shekarar 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, haifaffiyar Kano wadda ta yi shekaru masu yawa a Gusau. Labarin wata Bafillatana ne da ta kamu da son Balarabe, danginta suka ƙi. Shi ake ƙidayawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Kafin ya isa hannun mai karatu sai da ya bi ta gasa, ya bi ta gaban alƙalai, edita ya duba shi. Cikin shekara goma wannan hanya ta toshe, kuma daga toshewarta ne aka fara rigimar da har yau ba a rufe ba.

Tun gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, littafin Hausa a hannun hukuma yake. Daga Hukumar Talifi sai Kamfanin Gaskiya, sai NORLA, sai NNPC da aka kafa a 1966. Su ke zaɓe, su ke gyara, makarantu ke saye. Littattafan ba su da yawa, amma da wuya ka ci karo da kuskuren rubutu. Da tattalin arziki ya karye, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan makaranta. A daidai lokacin kuma yaran da suka shiga firamare a shirin ilimi kyauta na 1976 sun girma, sun iya karatu, suna neman abin karantawa.

Sai matasa suka ɗauki abin da kansu. Mutum ya rubuta, ya kai wa mai tafireta, ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauko ya kai wa 'yan kasuwa. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kwikwiyo a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna, wanda ya zagaye ƙasar Hausa. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka kafu a Kano. Daga can littattafan ke bin mota ta Funtuwa, su ratsa Tsafe, su sauka Gusau, su wuce Bunguɗu. Wadda ba ta da kuɗin saye ta karɓi haya, kwafi ɗaya ya zaga gida biyar har bangon ya cire.

Zargi biyu aka yi wa waɗannan littattafai, kuma sau da yawa a cakuɗe. Na farko na tarbiyya ne: suna koya wa 'yan mata bijire wa zaɓin iyaye, suna kwaikwayon finafinan Indiya, suna kawo al'adun da ba namu ba. Na biyu na inganci ne: ba a bin ƙa'idar rubutu, ba edita, bugu ya dushe, labari a tsinke shi kashi uku don a ci riba. A shekarun 1990 muhawarar ta hau shafukan jaridu irin su Nasiha da New Nigerian. Ibrahim Malumfashi, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, shi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica da suka yi tashe suka shuɗe. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsaya musu, yana ganin sun sa dubban mata karatu, kuma auren dole da kishi da sakin wulaƙanci da suke magana a kai ba daga Indiya aka kawo su ba. Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu na cikin waɗanda suka sa baki.

Da maganar ta bar jarida sai ta koma hannun gwamnati. A watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmed Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, jihohi suka bi sahu. Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a. A 2008 hukumar tacewa ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta nemi marubuta su yi rajista, marubuta suka ƙi, aka yi ta kai ruwa rana kafin a sasanta. Wutar ta cinye takardu, amma ko waƙafi ɗaya ba ta gyara a littafin da ya fito washegari ba.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. Akwai wani abu da ya faru a Amurka da zai taimaka mana mu raba zargin nan biyu. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. Wasa ne mai kama da tatsuniyar da ake yi a taru: mutane su zauna a kewayen tebur, ɗaya ya zama mai jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, a jefa ƙwaya irin ta lido don a san ko abin da jarumin ya yi niyya ya yiwu. Dokokin wasan da duniyoyinsa duk a littattafai suke, don haka harkar ta maɗaba'a ce.

Su ma zargin tarbiyya ya fara riskarsu. A 1983 wata uwa mai suna Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan, tana cewa yana koyar da tsafi. Kamfanin TSR ya ji matsi, a bugun 1989 ya cire sunayen shaiɗanu daga littattafan. Daga baya ƙorafin ya sauya fuska. Littattafai irin su Oriental Adventures na 1985 da Al-Qadim na 1992 sun ɗebi al'adun Asiya da na Larabawa sun mayar da su kayan ado, sai masu al'adun suka fara tambayar wa aka tuntuɓa. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya fara liƙa gargaɗi a tsofaffin littattafansa. A 2022 ya fitar da Spelljammer, cikinsa da wasu halittu masu kama da birai da aka ce an bautar, abin da ya tuna wa baƙaƙen fata irin zanen izgilin da aka daɗe ana yi musu. Kamfanin ya nemi afuwa, ya cire wurin, sannan ya ce nan gaba kowace kalma da kowane zane sai masana al'adu sun duba kafin bugu. A 2023 kuma aka gano zanen ƙirƙirarriyar basira a wani littafinsa, aka sake neman afuwa.

Abin lura shi ne, da suka binciki yadda cin fuskar ya shiga littafi, sai suka tarar wajen duba aiki ne aka yi sakaci. Ashe zargin al'ada da na inganci jijiyarsu ɗaya. Marubucin da bai tsaya ya raba "ƙ" da "k" ba, da wuya ya tsaya ya tambayi yadda Fulanin daji ke ɗaurin aure kafin ya sa su a labari. Wanda zai rubuta labarin aljanu a Dutsen Kwatarkwashi, ko ya taɓo tarihin malaman 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, yana bukatar wanda ya san wurin ya karanta kafin jama'a su gani. Wannan aikin edita ne, kuma shi ne muka rasa tun shekarun 1980.

Lokaci ya ba kowane ɓangare nasa rabon gaskiya. Kasuwar littafin takarda ta ja baya sosai. Rubutun kuwa bai mutu ba, ya koma WhatsApp da Facebook da Wattpad, inda ba mai tafireta balle edita, kuma batsar da ake tsoro a da ta fi sauƙin yaɗuwa. A ɗaya gefen, Alhaki Kwikwiyo da aka raina ya fito da Turanci a Indiya a 2012, jami'o'i na nazarinsa. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, da gasar Cibiyar Gusau da ke Kaduna, sun maido da wani abu na tsohon tsari: alƙalai su karanta, a tace, a gyara.

Gasa dai sau ɗaya ake yi a shekara, marubuciyar Bunguɗu kuwa kowane dare take sakin shafi a waya. Abin da ƙungiyoyin marubuta na Zamfara da sauran jihohi za su iya yi bai fi ƙarfinsu ba: su horar da masu duba rubutu, su sa farashin da matashi zai iya biya, su saba wa juna da miƙa aiki ga wani ido kafin a sake shi. So Aljannar Duniya ta wannan ƙofar ya bi, kuma bayan shekara arba'in da ɗoriya ana nan ana karanta shi.